Shekarun da Ban Kai Gishiri Gona Ba

Na yarda ina da saurin fushi, na kuma yarda bakina ba ya riƙe magana. Abin da ban taɓa yarda da shi ba shi ne a ce hannuna yana da nauyi wajen gishiri. Inna ce ta koya mini girki, ita kuwa ƙamshin miya kawai take ji ta ce saura kaɗan. Saboda haka ranar da maigidana ya ajiye lomarsa a gona, a gaban 'yan ƙwadago, ya ce na cika gishiri, raina ya ɓaci ƙwarai. A hanyar komawa Birnin Kebbi, ina bayan babur, tun daga Argungu har Ambursa bai huta da bakina ba.

Bari in koma baya kaɗan. Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, an kwaso ma'aikata 'yan asalin nan an ce kowa ya koma gida. Maigidana, wanda nake kira Malam, akawu ne a wata ma'aikata, ni kuma ina koyarwa a firamare. Muka sauka Birnin Kebbi da katifa da tukwane, garin ya cika ya batse, mutum uku a tebur ɗaya a ofis, ɗakin haya kuwa sai mai sa'a. Duk da haka na ji daɗin dawowar nan, domin ta kawo ni kusa da Argungu, garinmu, inda Baba yake, inda kuma gonata take.

Gonar ta Inna ce. Da ta rasu aka yi rabon gado, ni ta faɗo wa. Ba wata babba ba ce, fadama ce a gefen gulbi, da tsamiya ɗaya a kan ɗan tudu da rijiyar da Inna ta sa aka haƙa a gindin tudun. Kowace damina gulbi yakan cika ya malalo ya shafe ta, jar shinkafarmu ta gargajiya ta riƙa tsawo tana bin ruwan, in ya janye a yanka. Noma ɗaya a shekara, ba yabo ba fallasa. A gindin tsamiyar nan na koyi tankaɗe, a nan Inna ta mare ni ranar da na bar tuwo ya kama. Wanda bai san wurin ba zai ga laka ce da sauro, ni kuwa uwata nake gani.

Malam ɗan birni ne, jikan malamai, hannunsa ya fi sanin alƙalami da fartanya. Amma a shekarun nan kowane ma'aikaci ya zama manomi a baki. A ofis ba a hirar komai sai injin ban ruwa da rijiyar bututu da albasar Augie. Ya zo ya ga gonar, ya zagaya ta hannuwa a baya, ya ce wannan asara ce, ƙasa kamar wannan a bar ta wata biyu a ƙarƙashin ruwa, wata shida a ƙarƙashin rana. Ya ce in na yarda zai zagaye ta da katangar ƙasa ya tsare ambaliya, ya sa a kafa bututu mai zurfi, da damina mu shuka gajeriyar shinkafa ta zamani wadda ba ta son nutso, da rani mu yi albasa. Ba zan ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Na yarda, har da zumuɗi, domin ni ma ina son a ce gonar malama ta fi ta kowa.

Baba yana nan lokacin da ake tayar da katangar. Masunci ne, ya tsufa ya bar shiga gulbi sai ɗinkin homa, ragar kamun kifi, amma duk Asabar yakan tako ya zauna a can gefe ya yi kallo. Tsakaninsa da Malam akwai kunya irin ta surukai, mai kauri. Malam zai cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe shi kai a ƙasa, Baba ya amsa yana kallon wani wajen, shi ke nan an gama maganar ranar. Malam ba ya cin abinci in Baba yana ganinsa, Baba ba ya kiran sunan Malam. Duk abin da ɗaya yake so ɗaya ya ji, ta bakina yake bi. Na tambayi Baba yadda ya ga aikin, ya ce Allah ya sa albarka. Na kai wa Malam wannan a matsayin yabo.

Shekara biyu kam mun sha daɗi. Albasa ta yi ƙwai manya, har mutanen maƙwabtan gonaki suna zuwa kallo. Ranar Asabar mukan fito da sassafe, Malam ya tayar da inji, ruwa ya riƙa gudu cikin fangalin albasa, ni kuma in haɗa murhu a gindin tsamiya in ɗebi ruwa a rijiyar Inna in yi wa ma'aikata tuwon shinkafa da miyar kuka. Malam ya yi baƙi, ya yi kanta a hannu, ya riƙa yi wa abokan aikinsa lacca a kan noma. Nakan ce masa jiya-jiya ba ya bambanta shinkafa da ciyawa, yau ya zama sarkin noma. Ya yi dariya ya ce hassada ce ta 'yan bakin gulbi.

A rani na uku ne maganar gishirin nan ta taso. Asabar ta gaba na rage, Malam ya ce har yanzu. Ta bayanta na rantse a raina zan kama shi, na bar gishirin a gida gaba ɗaya, ko ƙwaya ban sa ba. Ya ci loma biyu ya ce yau kam da dama-dama, amma in ƙara ragewa. Na buɗe baki zan yi masa tas, sai na ce bari in ɗanɗana tukuna. Na kai ludayi baki. Miyar tana da gishiri, da wani ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe irin na kanwa.

Daga nan idona ya buɗe. Na tuna sabulu ya daina kumfa in na wanke tukwane a wurin. Na tuna wake ya riƙa nuna da wuri ban sa masa kanwa ba, har ina yabon iccen. Na sauka cikin gonar na duba da kyau, sai ga wani fari-fari ya kwanta a gefen fangali kamar an barbaɗa gari. Bakin ganyen albasa ya ƙone, ƙwan bai fi na kurciya ba. Malam ya riga ni ganin wannan, amma shi a lissafinsa yunwa ce da ƙishi, don haka ya ƙara taki ya ƙara awannin inji. Yana ƙarawa farin yana ƙaruwa. Albasar shekarar ba ta cika buhu huɗu ba, ita ma rabi ta ruɓe.

Wata ranar Juma'a bayan Malam ya dawo masallaci ya zauna ya ce mini ya yi shawara da mutanen ofis, sun ce ƙasa in ta fara tsattsafo da gishiri ta mutu ke nan. Akwai wani mai yin bulo da yake neman fili a wajen, Malam ya ce mu ba gonar damina ɗaya, in shinkafa ba ta yi ba mu sayar mu nemi wata a Ambursa, ga shi ta fi kusa. Cikin lallashi ya faɗa, amma ni ji na yi kamar an ce a tone Inna. Na yi kuka, na faɗa masa maganganun da daga baya na ba shi haƙuri a kansu. Washegari ban jira babur ba, na hau mota ni kaɗai zuwa Argungu.

Na iske Baba a zaure yana ɗinkin homa. Shi Uwata yake ce mini, domin sunan mahaifiyarsa na ci. Na zazzage masa komai, har maganar mai bulo. Ya miƙe ya ɗauko wata tsohuwar kwalba, ya ɗaura mata dutse a gindi da igiya a wuya, ya sassaƙa totuwa ya toshe bakin, ya ɗaura wa totuwar zare dabam. Ya ce mu tafi gona.

A bakin rijiyar Inna ya fara zura guga ya ɗebo na sama, ya ba ni. Zartsi ne, amma ana iya haɗiyewa. Sannan ya zura kwalbar a toshe har ta taɓa ƙasa, ya fizgi zaren, muka ji tana ɓulɓul, ya jawo ta. Wannan kam ban iya haɗiyewa ba, sai da na tofar. Rijiya ɗaya, ruwa iri biyu. Na tambaye shi inda ya koyi wannan dabara.

A nan ya ba ni labarin da na sha jin gutsattsarinsa tun ina yarinya ban taɓa kasa kunne ba. Da ƙuruciyarsa ya bi jiragen masunta suka gangara kogin Kwara, suka wuce Yawuri, suka yi ta tafiya har inda kogin yake rarrabuwa ya shiga teku, ya yi shekaru a can. Ya ce a wurin ba kifi ne wahala ba, ruwan sha ne. Kana zaune a kan ruwa ƙishi yana cinka. Teku yakan turo ruwansa cikin kogi, kuma ruwan gishiri nauyi gare shi, ta ƙasa yake shigowa a ɓoye, na daɗi yana kwance a samansa. Da irin kwalbar nan suke gane inda ya kawo. Da rani, in kogi ya yi rauni, gishirin yakan hauro nesa, sai sun yi tuƙin rabin yini kafin su cika tuluna. In kuwa ruwan arewa ya sauko da ƙarfinsa, sai ya kore shi ya mai da shi teku, har a bakin gaɓa mutum ya sa hannu ya sha. Ya ce yaran da suke dawowa daga can yanzu suna gaya masa wuraren da su suka sha ruwan daɗi duk sun zama zartsi, tun da aka datse koguna a sama aka kuma yashe hanya saboda manyan jirage.

Na ce to Baba, mu ina mu ina teku?

Ya nuna ƙasa da sandarsa. Ya ce, "Can teku ka turo shi, nan ƙasa ka turo shi. Gishiri na nan ƙarƙashin hwadamag ga tun kakanninmu. Gulbi ka zuwa duk shekara shi wanke shi, shi danne shi. Kun hana gulbi shiga, kun kuma sa bututu kuna jawo na ƙasa kuna zuba ma rana. Rana ta sha ruwa ta bar muku gishiri. Ruwa ba ya tsami banza, Uwata."

Na tsaya ina kallonsa, fushi yana taso mini. Na ce ashe ya sani tun ranar da aka fara katangar. Ya ce ya sani. Na ce shekara uku yana zaune yana kallo, bai ce kanzil ba?

Ya kau da kai ya ce, "Aikin surukina na. Da wane baki zan ce mai ya yi kure?"

Wallahi ranar na ji haushin kunya. Tsoho ya san magani, yaro yana zuba guba, gonar uwata tana mutuwa a tsakaninsu, su kuma suna ta durƙusa wa juna. Na faɗa wa Baba haka, ban rage ba. Ya yi murmushi ya ce halin mai sunana na ɗauko. Sannan ya faɗi maganin: in gulbi ya kawo bana, a fasa katangar ta sama ruwa ya shiga, a fasa ta ƙasa ya fita, kada ya tsaya. A ajiye inji. Ya ce shekara ɗaya ba lalle ta isa ba, kuma shi bai yi alkawari ba, domin gulbin ma yanzu ba kullum yake kaiwa inda yake kaiwa da ba. Na roƙe shi ya gaya wa Malam da kansa. Ya ce sam, shi bai faɗa ba, ni ma kada in ce shi ya faɗa.

Na cika kwalabe biyu, ɗaya da na saman rijiya, ɗaya da na ƙasa, na koma Birnin Kebbi. Na zuba a kofi biyu na ajiye wa Malam bayan la'asar, na ce ya ɗanɗana. Ya sha na farko ya yamutsa fuska, ya sha na biyu ya fita waje da gudu. Da ya dawo na jera masa bayanin teku da kogi kamar ni na ƙirƙiro shi. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya dube ni ya ce ni da ko Yawuri ban taɓa zuwa ba, yaushe na ga teku? Na ce a littafi. Ya ce to a gaishe da littafin, a ce masa ya gode. Amma bai ce ya yarda ba.

Damina ta sauka, ya shuka gajeriyar shinkafarsa yadda ya yi niyya. Ruwan sama ya ɗan kwantar da farin, shinkafar ta fito, ba ta yi kyau sosai ba amma ta yi kore, ta fara ciki. Wannan ya ƙara wahalar da maganar. Fasa katanga a kan gona fayau abu ne mai sauƙi, fasa ta a kan shinkafa mai ciki kuwa sai mai ƙarfin zuciya. Ni kaina in na kalle ta sai in ji shakka. Gulbi kuma ya yi nawa a shekarar, muka yi ta zuba ido. Kowace Asabar Baba yakan kafa kara a bakin ruwa ya duba na makon jiya.

Wata Asabar muka iso muka tarar ruwa ya zo ya jingina da katangar, ja wur da laka, yana neman hanya. Baba yana zaune a wurinsa na kullum. Malam ya je ya durƙusa ya gaishe shi, ya daɗe a durƙushe fiye da yadda ya saba, ina jin yana jiran tsohon ya ce wani abu. Baba ya amsa gaisuwa ya ci gaba da kallon gulbi. Malam ya tashi ya zagaya shinkafarsa sau ɗaya, ya shafa kanta da tafin hannu. Sannan ya tuɓe riga, ya karɓi diga daga hannun wani ɗan ƙwadago, ya hau katangar da ya gina ya fara sara. Ban taɓa sonsa kamar ranar ba. Kafin azahar ruwa ya shafe gonar, kan shinkafar kaɗai ke leƙowa, kafin la'asar shi ma ya nutse.

Mutanen ofis sun yi masa dariya, wai mace ta sa shi ya kashe gona da hannunsa. Bai kula ba. Ruwan ya yi kusan wata biyu yana ratsa gonar. Baba ya sa a kafa masa gura, tarkon kifi, a bakin mafitar da aka fasa ta ƙasa, duk Asabar mu koma gida da tarwaɗa da karfasa, yana aiko wa Malam ta hannuna wai ladan shinkafarsa. Da ruwa ya janye ya bar laka baƙa mai santsi. Ba mu tayar da inji ba. Na shuka ɗan yakuwa da kuɓewa a damshin da ya rage, suka yi yadda suka yi. Da zafi ya tsananta farin ya sake leƙowa nan da can, rijiya kuma tana nan da zartsinta. Mai bulo ya sake aiko, Malam ya ce a gaya masa gonar ba tasa ba ce, mai ita kuwa ba ta da sauƙi.

Damina ta biyu muka koma jar shinkafar Inna, Baba ne ya nemo irin a wajen wata tsohuwa. Gulbi ya zo da wuri, ya cika sosai, shinkafar ta bi shi. Duk tsawon lokacin nan ban sake kai gishiri gona ba. Tun ina bari da gangan har abin ya zama jiki, in ina haɗa kayan miya ranar Juma'a hannuna ba ya ko zuwa wajen gwangwanin.

Ranar yankan shinkafa na yi tuwo tukunya biyu. Na kai wa Baba nasa a gefe, na ba ma'aikata, Malam ya ɗauki nasa ya zagaya bayan tsamiya inda Baba ba zai gan shi ba. Ina kankare tukunya sai na ji ya kira ni. Na je na same shi da loma a hannu, fuska a murtuke.

Ya ce, "Miyag ga lami ta. Ba ki sa gishiri ba?"

Ya gama faɗa ke nan ya ji abin da ya faɗa. Muka kalli juna. Na karɓi kwanon na ɗanɗana: kuka da daddawa da barkono, babu gishiri ko alama, babu ɗacin nan na ƙarshen harshe. Na ruga rijiya na zura guga na sha, na sake sha. Ruwan Inna ne, wanda na sani tun ina yarinya. Na zauna a bakin rijiyar na yi ta kuka, ma'aikata suna tambaya ko kunama ce.

Malam ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya ɗauki kwanonsa ya tako har gaban Baba, ya cire takalmi ya durƙusa, ya ajiye kwanon a tsakaninsu. Ya ce, "Baba, mun gode." Baba kuwa ashe ya riga ya cinye rabin nasa, tun lomar farko ya gane, ya yi shiru abinsa yadda ya saba. Bai kalli Malam ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Uwata, kawo muna gishiri, ni da Malam."

Na ce babu, Baba, shekara biyu ke nan ban zo da shi ba.

Ya ce to madalla. Ya tura kwanonsa kusa da na surukinsa ya ce bismilla, suka ci lami tare.